Shekarar da Na Kira Sunan Yayarku

Bitrus, Hannatu, Dauda, wannan babin ku karanta shi a zaune, domin saboda shi na sa aka sayo mini littafin rubutu tun farko. Duk abin da na rubuta a baya, na noman auduga da zuwan mishan ƙauyenmu da jinyar babanku, shimfiɗa ce kawai. Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin abin da ya shiga tsakanina da Yaya Laraba. Kirsimetin da ya wuce ina kwance a ɗaki ina jin ka, Dauda, kana gaya wa matarka wai baƙin ciki ne ya kama Inna Laraba don an sa muryata a fim. Da gwiwata tana da ƙarfi, da na fito na ja maka kunne a gaban matar taka. Kana can Kaduna aka yi aka gama, labarin ma a bakin direbobi ka tsinto shi. Ni da aka yi da ni zan faɗa muku, kuma ba wanke kaina na zo yi ba.

Kun tashi kun tarar ba na kiran sunan babbar yayarku, ba ku kuma taɓa tambaya ba, don a zamaninku ma abin bai zama baƙo ba. Ita ce 'yata ta fari, kuma a inda muka taso, nan gabas da Malumfashi, mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi in da mutane a wurin. Iyayenmu sun bar abubuwa da yawa lokacin da suka karɓi bishara. Sun bar tsafi, babanmu ya bar burkutu, ko in ce ya bar shanta a gaban fasto. Amma kunyar ɗan fari ba wanda ya ce a bar ta, matar faston ma tana yi. Da aka yaye yarinyar tana da shekara biyu, kowa ya san inda za ta. Yaya Laraba, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta shekara takwas a Funtua tana auren wani ma'aikacin injin gurzar auduga, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ba wanda ya tilasta ni. Ni da hannuna na ƙulle 'yan rigunan yarinyar a ɗankwali, na ɗora ƙoƙon da take shan kunu a kai, na miƙa. Daga ranar sunanta a bakina ya zama Ta Funtua. Ita kuma a wurinta Yaya Laraba ce Mama, ni ce Inna, akasin yadda ku kuke kiranmu.

Akwai abin da ba wanda ya sani, ko kuwa haka na zata. Bayan rumbun dawa muna da wata 'yar bukka inda dutsen niƙa yake. Da hantsi, in maza sun tafi gona, surukata ta bi hanyar rijiya, sai in goya yarinyar in shiga niƙa. Wanda bai taɓa durƙusawa a gaban dutse ba bai san ƙararsa ba, yana haɗiye murya tas. A cikin wannan ƙarar na ƙaga mata wata 'yar waƙa, layi huɗu kacal, da sunanta a ciki. Ina tura dutse ina kiranta, tana bayana tana buga mini ƙafa a kwiɓi. In na ji motsin mutum sai in koma waƙar coci. Shekara biyu na yi ina wannan satar, kuma duk a rayuwata ban ji daɗin wani abu kamarsa ba. Ranar da aka tafi da ita na rufe waƙar. Ku ukun nan na yi muku waƙoƙi a tsakar gida, kowa na ji, amma waccan ban yi wa ko ɗayanku ba.

Ku kuma san wace ce Yaya Laraba kafin ku yanke mata hukunci. Ita ta yi jinyar ƙyanda har gashin yarinyar ya zube ya sake tsirowa. Ita ta riƙa shafe bangon ɗakinta da farar ƙasa duk wata, don yarinyar ba ta barin gawayi ya huta, kaji da motoci da matan kasuwa duk tana zana su a bango. Da ta gama sakandare ta ce zane za ta karanta a Zariya, babanku ya ce zane kuma karatu ne, ta je ta koyi aikin jinya kamar 'ya'yan mutane. Yaya ta shigo mota ta zo har gona ta same shi a cikin masara. Ban san me ta faɗa masa ba, na dai ga ya dawo gida ko fartanyarsa bai ɗauko ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Ni a duk wannan me na yi? In yarinyar ta zo hutu ta durƙusa ta ce Inna ina kwana, sai in amsa ina kallon bango. In na ga ta rame, sai in zuba nama a kwanon Bitrus in ce ya ci da baƙuwa.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce ta biyu bayan rasuwar babanku. Da kaka, an sare dawa ana ɗaurin dami, sai ga yayarku ta sauka daga mota da jaka a baya da wani abin ɗaukar murya mai gashi a ka, kai ka ce jaba aka soke a sanda. Tana da shekara arba'in a lokacin, da 'yarta Tabita. Ta ce ita da abokan aikinta biyu a Kaduna finafinan katun na zane suke yi, gajeru, minti uku zuwa huɗu, don yaran da ba su isa shiga firamare ba. Ta ce abin da ya tayar mata da hankali shi ne Tabita ta iya waƙoƙin Turawa na waya sun fi goma, amma da ta ga turmi sai ta tambaya ko kujera ce. Don haka suna son zanen ya fito daga ƙorai da faifai da bangon ɗakunanmu, kiɗan kuma ya fito daga tsakar gida. Na ce a raina, karatun Zariya ke nan, an je an dawo ana bin turmi da jaba.

Amma gaskiya kwanakin nan gidan ya dawo da rai. Tun da injin niƙa ya shigo gari lugude ya mutu, sai ga shi ta tara matan unguwa a kan turmi ɗaya, su uku uku, ana jefa taɓarya sama ana tafi kafin a cafe. Tsofaffin da ke kukan ciwon baya ranar Lahadi su suka fi kowa rawar kai. Matan zumuntar coci suka kife ƙwarya a ruwa suna kiɗa, wata ta tono shantun da ya shekara ashirin a rataye. Aka yi ta kuskure ana shewa ana sakewa. Ni abin ya tuna mini da ƙuruciya, lokacin da motar majigi take zuwa ƙauye a nuna mana yadda ake feshin auduga a jikin farin ƙyalle, mu yara mu zaga baya mu ga ko mutanen suna can. Yayarku kuwa tana tsugune da abin ji a kunne, tana ɗaukar ƙarar sheƙar hatsi, da kukan zabi, har da ƙarar ludayi a bakin ƙwarya. Ta ɗauki hoton duk wata ƙwarya mai zane da ke ɗakina. Ina kallonta ta gefen ido, don ko a lokacin ban iya dubanta kai tsaye ba.

A rana ta huɗu da yamma ta same ni a rumfa ina ɓarar gyaɗa, ta buɗe kwamfutarta ta ce in duba wanda suka kusa gamawa. Labarin abin da kowa ya sani ne a gidan manomi. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, sai a kwashe ƙwanta a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Ga 'yar zabuwa tana bin kaza, ɗigon jikinta irin zanen ƙwaryar furata ne sak, fukafukan kazar kuwa launin faifai, ja da kore. Abin ya yi kyau, har na yi dariya da 'yar zabuwar ta faɗa cikin kasko. Can a kan rumbu ga uwar zabuwa zaune, ta juya baya, ba ta motsi. Sai hadari ya taso, 'yar ta firgita, kaza ta buɗe fiffike ta rufe ta, ta fara yi mata waƙar lallashi a maƙogwaro, ba kalma ko ɗaya. Gyaɗar da ke hannuna ta zube. Muryar Yaya Laraba ce, waƙar kuwa tawa ce, ta bakin dutse, ba inda ta kauce.

Na ce, “Wannan muryar wa?” alhali na sani.

Ta ce, “Ta Mama ce. Na biya Funtua na ɗauka kafin in taho. Da ita take lallashina tun ina ƙarama. Ba ta da kalmomi, haka nan take.”

“Ita ta ce miki ba ta da kalmomi?”

“Ta ce haka ta tsince ta.”

Na nuna allon da haɓa. “Ita kuma waccan ta bisa rumbu, mi ya hana ta magana?”

Ta tsayar da fim ɗin. Sannan ta ce, “Inna, na yi ta neman abin da za ta ce, ban samu ba. Ban san yadda muryarta take ba in tana magana da ɗiyarta.”

Ba da gatse ta faɗa ba, da ma da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin abin da ta daɗe da haƙura da shi. A nan ne nake son ku buɗe kunne, domin abu biyu ne suka taso mini, kuma ba zan ɓoye na biyun ba. Na farko tausayi. Mace mai shekara arba'in, da 'yarta, tana zaune a gabana tana zaton ban taɓa sonta ba, har ta zana ni na juya baya. Na biyu kuwa fushi ne tsagwaronsa. Na ce a raina, ɗiyar na ba Yaya da hannu biyu, ban ce uffan ba, amma waƙar ban ba ta ba. A ina ta same ta, har za ta ce tsinta ta yi? Abu ɗaya da na rage wa kaina, shi ma ya koma Funtua. Abin da ya kamata in yi a fili yake. Daga garinmu zuwa Funtua ba wata tafiya ba ce, in ka fita bayan karin kumallo kana can kafin rana ta take. Sai in je in zauna a gabanta in ce, Yaya, ga abin da ke raina. Ban je ba, zuciya ta ɗebe ni.

Washegari da hantsi na zaga bayan rumbu. Bukkar ta daɗe da rushewa, dutsen yana nan a yashe, kaji na shan ruwa a cikin kwarminsa. Na zubar da ruwan, na wanke shi da toka, na nemo ɗan dutsen a ƙarƙashin tulu inda ya zama matashi. Na kori kowa daga wurin, na ɗebo dawa, na durƙusa da gwiwar da ta manta durƙuso. Sannan na ɗaga murya na ce Ta Funtua ta kawo jabar tata. Ta zo ta saita, ta sa abin ji a kunne, tana zaton ƙarar niƙa kawai zan ba ta. Na tura dutse sau uku, huɗu, hannuna ya tuna da kansa. Na rufe ido na fara.

Rahila, Rahila, tawa ta kaina,
Hannuna da gari, ki yi haƙuri,
In na wanke zan zo in ɗauke ki,
Kada ki gaya wa kowa na kira ki.

Da na buɗe ido ta zame ta zauna a ƙasa dirshan, cikin kashin kaji, da zanenta mai kyau. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai ke bin fuskarta suna ɗiga a kan na'urar. Ranar na fara ganin cewa goshinta irin na mahaifiyarmu ne, don ranar na fara dubanta sosai.

Ta ce, “Sake, Inna.”

Na ce, “Bai ɗauku ba?”

“Ya ɗauku. Wannan ba na fim ba ne.”

Na sake, na kuma sakewa, har dawar ta ƙare. Da muka natsu ta goge fuska ta tambaye ni ko ta sa a bakin zabuwar. Ta yi mini adalci, ta ce in yi tunani, don abin da ya shiga waya ba ya dawowa.

Ta ce, “Kowa zai ji, Inna. Mama ma za ta ji.”

Na ce, “Sa. Bari ta ji.”

Waɗannan kalmomi huɗu ku riƙe su, domin su ne laifina. Kiran sunan 'yata ban taɓa nadamarsa ba, ko yau aka ce in sake zan sake. Amma wannan “bari ta ji” ɗin da ƙaya na faɗe shi, kuma na san inda nake son ta soka.

Fim ɗin ya fito wajen bikin Ista. A ƙarshensa zabuwar ta juyo daga kan rumbu ta sauko tana waƙar, kaza na riƙe mata da murya a ƙasa, 'yar tana tsakiyarsu. Aka nuna shi a makarantar Lahadi da majigi, janareta na ƙara a waje, yara sun cika benci har ƙasa. Kafin sati biyu ya shiga wayoyi. In na je kasuwar Malumfashi sai in ji shi yana tashi daga rumfar mai kayan miya, ko a hannun wata Hajiya da ke lallashin jikanta. Yara suka cire Rahila kowa ya sa sunansa, mai Audu na yi, mai Talatu na yi. Ba zan yi ƙarya ba, kaina ya yi girma. Tsiya kuwa na sha ta. Sa'o'ina a zumunta suka sa ni gaba, wai Saratu an tsufa an zubar da kunya a bakin dutse, wai saura in goya ta in zaga gari. Wata tsohuwa a unguwarmu ta daina amsa gaisuwata har ta mutu. Duk wannan ko a jikina.

Abin da ya taɓa ni a mota ya zo. Wani direban Funtua ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo ƙulli a baƙar leda, ya ce in ji Mama Laraba, ba saƙon baki. Na kwance, sai ga ƙoƙon kunun nan da na ɗora a kan kayan yarinyar ranar yaye. Shekara talatin da takwas yana hannunta, ya yi baƙi ya yi sheƙi, gefensa da ya tsage an ɗinke shi da zare. Na gane abin da take nufi, ga kayanki na mayar miki. Daga nan ta rufe ƙofa. A jana'izar ɗan kawunmu a Tsiga ta zauna a can ƙarshen rumfa, da na doso ta miƙe ta shiga cikin gida. Abin da ya fi ci mini rai, ko Rahila ce ta kira, Yaya ba ta ɗaukar waya. Yarinyar ta je Funtua sau biyu, Yaya ta karɓe ta kamar baƙuwa, ta kawo mata ruwa a kofin gilashi. Rahila ta kira ni tana kuka ta ce ta samu uwa ɗaya ta rasa ɗaya. Ta ce ta so ta kai wa Mama fim ɗin da kanta, aiki ya riƙe ta, waya ta riga ta. Ni kuwa maimakon in sauko sai na hau. Na ce ai Yaya ce ta ɗauki abin da ba nata ba, ita za ta zo. Hannatu, ke shaida ce, sau nawa kika ce mu je na ce ƙafata na ciwo? Wata goma sha ɗaya muka yi a haka.

Da bazara aka aiko cewa ciwon sukari ya kwantar da Yaya, ƙafa ta kumbura ba ta taka ƙasa. Na kwana biyu ina gardama da kaina, a na uku na dama kunun gero na zuba a fulas, na sa ƙoƙon a jaka, na shiga mota. Na same ta da azahar a kan katifa a tsakar ɗaki, an buɗe taga saboda zafi. Ta rame har na tsorata, amma bakin yana nan.

Ta dube ni ta ce, “Wa ya rasu?”

Na ce, “Ba kowa.”

“To mi ya kawo zabuwa akurkin kaza?”

Na yi niyyar in fara da gaisuwa da ban haƙuri, Allah ya sani. Amma kun san halina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Yaya, ina kika samo waƙata?”

Ta ce in tayar da ita zaune. Na sa mata matashi a baya, ta numfasa, sannan ta ce, “Ranar da na zo ɗaukarta, motar auduga na samu, na iso da wuri. Ba kowa a gidan. Na ji niƙa bayan rumbu na zaga. Na tsaya jikin zana na ji ki tun daga farko har ƙarshe, sau uku kina yi, ta ukun da kuka. Na ce Laraba, koma gida, wannan ɗiya tana da uwa. Ƙafata ta ƙi. Shekara takwas nake jira, Saratu. Na koma zaure na yi sallama kamar yanzu na iso.”

Na zauna a gefen katifar.

Ta ce, “Da muka zo nan kwana uku ba ta ci ba, ba ta yi shiru ba. Na yi rawa, na yi tafi, na sayo alewa, a banza. Sai na tuna muryar na gwada. Ta yi tsit tana waige-waige tana neman ki. Da haka na raine ta. Kalmomin kuwa ban taɓa su ba, naki ne. Ke kika ce kada a gaya wa kowa. Shekara talatin da takwas ban gaya wa kowa ba, ko ita. Ke da bakinki kika gaya wa duniya, ni kaɗai ce ba ki gaya wa ba.”

Na ce, “Yaya, na zaci sunan ne ya ɓata miki rai.”

Ta ja tsaki. “Sunan mi? Ɗiyarki ce, ki kira ta a lasifikar tasha in kin so. A wayar maƙwabta na ji, a bakin famfo, mata sun zagaye ni suna kallon fuskata su ga yadda zan yi. Wata har da cewa ashe mai abu ta zo karɓar abinta. Da kin zo kin ce, Yaya, zan kira ta, ni zan zuba miki dawar a dutse.”

Rabona da in durƙusa wa Yaya tun ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ranar na durƙusa, na kama ƙafar nan mai kumburi, na gaya mata har abin da na faɗa a bakin dutse, wanda ba ta sani ba, na “bari ta ji”. Na ce ta yafe mini. Ta ce ita ma tana da nata, ta tsaya jikin zana ta ji kukan ƙanwarta ta kuma tafi da ɗiyar, kuma ba ranar da abin bai dawo mata ba. Muka yi kuka irin na tsofaffi, ba ƙarfi sai majina. Na ciro ƙoƙon na zuba mata kunu na ce na dawo da shi gidansu. Ta kurɓa ta ɓata fuska ta ce har yanzu ban iya sa tsamiya ba. Ta shanye tas, sannan ta nuna wayata.

“Kira ta.”

Na ce, “Ta Funtua?”

“Ni ban san wata Ta Funtua ba. Kira ta da sunanta, a gabana, in ji da kunnena ba a wayar mutane ba.”

Na danna, ta ɗauka. A waƙa abin da sauƙi, dutse na rufa maka asiri. A magana kuwa ba abin da zai rufa maka. Na ce, “Rahila.” Ta ce, “Na'am, Inna, lafiya?” Yaya ta fizge wayar da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

Ta ce, “Ke, ni ce. Daga yau in kin ce Mama, wadda ta fi kusa ta amsa. Ki taho gobe, ki zo mini da Tabita, ki kuma zo da kwamfutar in ga kazar nan da kyau, an ce kin yi mata ƙiba.”

Na zauna a Funtua ina jinyarta, ni da Rahila muna karɓa-karɓa. Da ruwan shuka ya sauka Ubangiji ya kira ta. In kun lissafa, daga fitowar fim ɗin wata goma sha huɗu ne suka rage mata a duniya, na cinye goma sha ɗaya da taurin kai. Ta yafe mini, na sani, amma watannin ba su dawo ba, kuma har yau in na tuna yawan safiyar da na zauna a rumfa mota na wucewa Funtua a gabana, sai abinci ya fita raina. Saboda haka, Dauda, ka koma ka gyara wa matarka labarin. Duk wanda ya sake cewa baƙin ciki a kan Yaya Laraba, ko bayan raina ne, ban yarda ba.

Su Rahila sun yi wasu finafinan bayan wannan, na gurmi da na masaƙa da na wata akuya mai tsoron gada, an ce har a wasu ƙasashe yara na kallo. Ƙoƙon yana wurinta a Kaduna, dutsen kuma na hana kaji. 'Ya'yanku in sun zo hutu sukan haye gadona da waya su ce, Kaka, ga naki, su tura shi gaba zuwa inda zabuwa take saukowa, don sun zaci nan nake so. Ni tawa na san ta. Sai in ce su mayar baya, wurin da hadari ya taso, kaza ta buɗe fiffike. In ce kowa ya yi shiru. A nan Yaya take, tana riƙe mini waƙata ba kalma ko ɗaya, kuma in ya ƙare nakan ce a sake.